Babi na Bakwai: Zumunci a Ƙafa

Ranar 25 ga Agustan 2009, wani ayarin motocin sojan Amurka yana kan hanyar komawa sansani a lardin Kandahar na ƙasar Afganistan, bayan ya kai magunguna wani yanki da cutar kwalara ta ɓulla, sai ɗaya daga cikin motocin ta taka nakiya. Sojoji huɗu suka mutu. Cikinsu akwai Kyaftin John Hallett, ɗan shekara 30, wanda bai cika wata biyu da isa ƙasar ba. Ya bar matarsa Lisa da 'ya'ya uku: maza biyu ƙanana, da jaririyar da aka haifa bayan tafiyarsa, wadda bai taɓa ɗauka a hannunsa ba.

Bataliyarsa ta fito ne daga barikin Fort Lewis da ke jihar Washington, can arewa maso yammacin Amurka, kuma a wannan zuwan ta ji jiki. Kafin ta koma gida a 2010 ta rasa sojoji fiye da 20, akasarinsu a kan nakiyoyin da aka binne a hanyoyi da gonakin kwarin Arghandab. A Amurka ba a sanar da mutuwar soja ta waya. Jami'ai ne ke zuwa da kansu, sanye da kakin fareti, su ƙwanƙwasa ƙofa. Saboda haka a unguwannin da iyalan bataliyar ke zaune, ko baƙuwar mota ce ta tsaya a bakin titi sai gaban mace ya faɗi. Wadda aka riga aka zo wa tana cikin makoki, wadda ba a zo wa ba tana leƙen taga.

Lisa Hallett dama 'yar gudu ce tun kafin wannan. Bayan rasuwar mijinta ta ci gaba da fita, ba don neman lafiya ba, sai don ta samu inda za ta kai abin da ke cinta a rai ba tare da yara sun gani ba. Ita da wata ƙawarta, Erin O'Connor, ita ma matar soja, suka fara tara sauran matan duk Asabar da safe a filin ajiye motoci na wani gidan cin abinci da ke cikin barikin. Suka riƙa sanya shuɗayen rigunan da mazajensu ke motsa jiki da su. Daga nan ƙungiyar ta samu sunanta a 2010, Wear Blue: Run to Remember, wato a sa shuɗi a yi gudu don tunawa. Yau tana da rassa a garuruwa da dama na Amurka, kuma abin da ake yi bai sauya sosai ba.

Kafin a taka ko'ina sai an yi da'ira. Akwai sojoji, akwai zawarawa, akwai iyaye tsofaffi da ba su zo gudu ba, tafiya za su yi, akwai masu turo jarirai a keken yara. Sai a yi tsit. Mutum ɗaya ya karanto sunayen sojojin da suka mutu a irin waɗannan ranakun a shekarun baya. In ya gama sai a bar fili, kowa ya kira sunan wanda yake yi wa gudu da babbar murya: muƙaminsa, sunansa, sunan gidansu. Wata ta kira mijinta, wani ya kira ƙaninsa, wani Saje ya kira yaran da suka mutu a ƙarƙashinsa, su uku ko huɗu a jere. Ba jawabi, ba babban baƙo, ba mai gabatarwa. Da an gama sai a watse a kama hanya, kowa gwargwadon ƙarfinsa. Wani ya yi kilomita biyar, wani ya yi ashirin.

Bahaushe zai yi tambaya a nan, kuma tambayarsa na kan hanya: me gudu zai yi wa mamaci? Wanda ya tafi addu'a yake buƙata, da sadaka, da wanda zai biya masa bashi ya riƙe masa 'ya'ya. Gudu bai kai masa komai. Su ma masu yin gudun, in ka saurare su da kyau, ba su ce yana kaiwa ba. Aikin da yake yi a kan masu rai yake yin sa.

Duba yadda makoki yake ko a wurinmu. Ranar farko gida ba masaka tsinke. A yi zaman kwana uku, a yi sadakar bakwai, wasu su kai arba'in. Matar ta yi takabarta wata huɗu da kwana goma. Daga nan kowa ya kama gabansa, kuma ba laifinsu ba ne, rayuwa ce. To amma baƙin ciki bai san wannan lissafin ba. Wata na takwas, wata na goma sha biyar, lokacin da aka daina zuwa gaisuwa, lokacin da mutane suka fara kauce wa ambaton sunan mamacin don kada su fama mata ciwo, a nan ne gidan ke yin girma. Matar soja kuma tana da ƙarin wani rashi da matar ɗan kasuwa ba ta da shi. Bariki shi ne garinta. A can take da maƙwabta, a can yara ke makaranta, a can asibitinta yake. Da mijin ya mutu, agogo ya fara bugawa: a Amurka ana ba iyali har shekara guda su bar gidan gwamnati. Bataliya ta dawo, a yi fareti, a rungumi mazajen da suka dawo, sannan a fara yi wa abokan mijinta canjin wurin aiki ɗaya bayan ɗaya. Cikin shekara biyu zuwa uku, da wuya a samu wanda ya san shi a barikin.

Gudun Asabar maganin wannan ɓangaren ne. Ba ya ƙarewa a kwana arba'in. Yana da lokaci, yana da wurin haɗuwa, in ba a gan ka ba za a kira a ji ko lafiya. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, su kuma waɗannan matan sai suka ɗauki zancen a zahirinsa. Akwai kuma wata fa'ida da duk wanda ya taɓa yin doguwar tafiya da mutum ya sani: magana mai nauyi ta fi sauƙin fita in kuna kallon gaba, ba kuna kallon juna ba. Wanda ba zai iya zama a falo ya ce "jiya ban yi barci ba" ba, zai faɗa a kilomita na shida, yana haki, gumi ya rufe masa hawaye. In kuma ba ya son magana, ba wanda zai zarge shi da shiru, ai numfashi yake nema.

Inda jama'ar gari suka fi sanin ƙungiyar shi ne a gudun yada-ƙanin-wani na sojan kundunbala, wanda ake yi a birnin Washington da kewaye tun 1976, yanzu duk watan Oktoba. Gasa ce ta kilomita 42 da ɗoriya, ba a ba da kyautar kuɗi, kuma dubban mutane ke shiga. Wajen tsakiyar hanya, a wani tsiri na ƙasa da ya kutsa cikin kogin Potomac, wanda ake kira Hains Point, an ware wa ƙungiyar mil guda. Wuri ne da 'yan kallo ba su cika kaiwa ba. A rabin farko an jera hotuna a gefen titi, taku kaɗan tsakanin wannan da wancan. Kowane hoto da suna, da muƙami, da ranar mutuwa. Wani cikin kaki, wani yana dariya, da yawa fuskokin yara ne da ko gemu bai gama fito musu ba. Ba kiɗa, ba tafi, sai ƙarar takalma. Za ka ga mai gudu ya rage sauri yana dudduba hotunan, sai ya tsaya cak, ya durƙusa gaban ɗaya, ya dafa shi, ya miƙe ya ci gaba. A rabi na biyu kuma masu sa kai ne a tsaye, kowa riƙe da babbar tuta, an ɗaura wa kowace tuta baƙin ƙyalle mai ɗauke da suna, kuma a nan ne ake ihu ana ba masu gudu ƙwarin gwiwa. Da yawa cikin masu riƙe da tutocin iyayen waɗanda ke cikin hotunan ne.

Sai batun kuɗi, wanda ba a raba shi da irin wannan gudu. Tsarin mai sauƙi ne. Gurbin shiga manyan gasanni yana da wuyar samu, sai masu shiryawa su ware wa ƙungiyoyin agaji wani kaso. Kai kuma ƙungiyar ta ba ka gurbi bisa alkawarin za ka tara mata adadi kaza daga 'yan uwa da abokan aiki. Haka ƙungiyar TAPS ke samun wani ɓangare na kuɗinta. Bonnie Carroll ce ta kafa ta a 1994, bayan mijinta, Birgediya Janar Tom Carroll, ya mutu a haɗarin jirgin soja a Alaska a 1992, kuma aikinta shi ne haɗa sabbin masu makoki da waɗanda suka riga su shiga, da shirya wa marayu sansanoni. Akwai kuma gidauniyar Tunnel to Towers, wadda ta samo asali daga wani ɗan kwana-kwana, Stephen Siller. Ranar 11 ga Satumban 2001 ya tashi daga aiki, ya ji labarin harin, ya tarar an rufe hanyar ƙarƙashin ruwa da ta haɗa Brooklyn da Manhattan, sai ya saɓa kayan aikinsa masu nauyin kusan kilo 27 ya ratsa ta da gudu. Bai dawo ba. 'Yan uwansa suka mayar da hanyar da ya bi gudun kilomita biyar na shekara-shekara, kuma a yau gidauniyar na biya wa iyalan sojoji da 'yan kwana-kwana da suka mutu suka bar ƙananan yara bashin gida gaba ɗaya.

Kada mai karatu ya ɗauka gwamnatin Amurka ba ta ba da komai. Tana ba iyalin sojan da ya mutu a bakin aiki dala 100,000 nan da nan. Akwai inshorar rai, wadda a zamanin Hallett ta kai dala 400,000, aka ɗaga ta zuwa 500,000 a 2023. Akwai alawus na wata-wata, da kula da lafiya, da tallafin karatun yara. Amma akwai wani abu da nake ganin ya kamata a ajiye kusa da hotunan masu gudu da tutoci. Shekara da shekaru dokar ƙasar tana zabtare wa dubban zawarawan sojoji haƙƙi: in mace ta cancanci fanshon da mijinta ya tanadar mata, ta kuma cancanci diyyar ma'aikatar tsofaffin sojoji, sai a cire dala a wancan kan kowace dala da ta karɓa a wannan. Su da kansu suka sa wa abin suna harajin zawarawa. Ba gudu ne ya kawar da shi ba. Matan ne suka yi ta sintiri a ofisoshin 'yan majalisa har aka soke shi a dokar kasafin tsaro ta Disamban 2019, aka kammala janye shi a 2023. Gudu na iya tara kuɗi ya biya bashin gida ɗari. Abin da ke wuyan hukuma kuwa, sai an je an tsaya mata a ka.

A nan ne labarin Pat Tillman ke shigowa, don shi ya fi nuna inda irin wannan karramawa ke iya zamewa. Tillman ɗan wasan ƙwallon zari-ruga ne irin ta Amurka, yana buga wa Arizona Cardinals. A 2002, watanni bayan harin 11 ga Satumba, ya ajiye tayin kwantiragin dala miliyan 3.6 na shekara uku, ya shiga soja tare da ƙaninsa Kevin. Ya ƙi yin hira da 'yan jarida a kan haka. Ranar 22 ga Afrilun 2004 aka kashe shi a wani kwazazzabo a lardin Khost na Afganistan. Rundunar soja ta ce ya mutu ne yana jagorantar farmaki kan abokan gaba, ta ba shi lambar jarumta ta Silver Star, aka yi taron tunawa da shi aka watsa a talabijin ƙasa baki ɗaya.

Ashe 'yan rundunarsa ne suka harbe shi bisa kuskure. An raba ayarinsu gida biyu, rabi na baya ya faɗa kwanton ɓauna, ya fito yana harbi ta ko'ina, ya ɗauki Tillman da waɗanda ke tare da shi a kan tudu a matsayin abokan gaba. Waɗanda ke wurin sun san haka tun a ranar, manya sun ji cikin kwanaki. Aka ƙona kakinsa da rigar sulkensa. Sai bayan kusan mako biyar aka gaya wa iyalinsa, lokacin an riga an yi jana'iza an gama jawabai. Mahaifiyarsa, Mary Tillman, ta shafe shekaru tana bin takardun bincike layi-layi. A Afrilun 2007 Kevin ya tsaya gaban kwamitin majalisar wakilai ya zargi rundunar da ƙirƙirar labari da gangan, a daidai lokacin da yaƙin Iraƙi ke jawo wa gwamnati baƙin jini. Tare da Tillman a kan wannan tudun an kashe wani sojan Afganistan da ke yaƙi a ɓangarensu, Sayed Farhad. Shi ba a yi masa taro a talabijin ba.

Gudun tunawa da Tillman, Pat's Run, an fara shi a 2005 a garin Tempe. Tsawonsa mil 4.2 ne, kusan kilomita bakwai, saboda lamba 42 yake sawa lokacin da yake buga wa jami'ar jihar Arizona, kuma ana kammalawa a kan layin yadi na 42 a cikin filin wasan jami'ar. Dubun-dubatar mutane ke shiga duk Afrilu. Kuɗin yana tafiya ne ga karatun tsofaffin sojoji da matansu ko mazajensu: likitoci, lauyoyi, malamai, injiniyoyi. Abin kirki ne, kuma ya dace da mutumin, don an san shi da karatu da gardama. Sai dai a taron da kowa ke sanye da riga iri ɗaya ana kaɗa tuta, tambayar "yaya aka yi ya mutu?" ba ta da wurin zama. Hoto a gefen titi yana ba ka suna da rana. Bai gaya maka ko motar da aka ba shi tana da sulke ba, ko umarnin da ya kai shi wurin na hankali ne, ko ma yaƙin ya cancanci a yi shi. Amurka ta rasa sojoji wajen 7,000 a Iraƙi da Afganistan, a ƙasar da waɗanda ke cikin kaki ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Ga sauran jama'a, yin gudun safiya guda hanya ce mai arha ta jin cewa an sauke nauyi. Ga iyali ba haka ba ne, su ba su da abin saukewa. Shi ya sa nake bambanta gudun da iyali ke riƙe da shi da wanda aka mayar bikin nuna kishin ƙasa, ko da a titi ɗaya ake yin su.

Wannan batu na suna ba baƙonmu ba ne. Ranar 4 ga Oktoban 2017, a kusa da ƙauyen Tongo Tongo na jihar Tillaberi a Nijar, 'yan bindiga suka yi wa ayarin haɗin gwiwa kwanton ɓauna. Amurkawa huɗu suka mutu: Bryan Black, Jeremiah Johnson, Dustin Wright da La David Johnson. Duniya ta ji sunayensu, ta ga hotunansu, ta san matansu. Sojojin Nijar huɗu da suka faɗi a wuri guda, a rana guda, yawancin rahotanni da adadi suka ambace su. Bayan shekara biyu aka jera gawawwaki 71 na sojojin Inates a sansanin sojan sama na Yamai, kowacce lulluɓe da tuta, wata guda bayan haka aka sake rasa 89 a Chinagodrar. A Najeriya kowace 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, ana ajiye furanni a gaban mutum-mutumin sojan da ba a san sunansa ba, a saki tattabaru, a tashi. Mutane da yawa za su iya kiran sunan Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali, wanda aka kashe a Malam Fatori a Nuwamban 2016. Kaɗan ne za su iya kiran ko ɗaya daga cikin yaran da suka mutu tare da shi.

Mai son sanin abin da gudun tunawa ke zama bayan duk waɗanda suka san mamatan sun bi su, sai ya duba Afirka ta Kudu. A can ake yin wanda ya fi kowanne tsufa cikin irinsa, kuma asalinsa yaƙi ne da kakanninmu suka yi.

Vic Clapham ma'aikacin jirgin ƙasa ne da ya shiga rundunar Afirka ta Kudu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka tura su Afirka ta Gabas, ƙasar da take Tanzaniya a yau, su kamo kwamandan Jamus Paul von Lettow-Vorbeck. Ba su kama shi ba. Ya yi ta ja da su cikin daji da fadama, suka taka kimanin kilomita 2,700 a ƙasa, zazzaɓin cizon sauro da atuni da yunwa suna kashe su fiye da harsashi. Da Clapham ya dawo sai ya ga gunkin dutse ba zai faɗi abin da suka gani ba. Yana son abin tunawa da zai sa mai rai ya ɗanɗana wahalar a jikinsa. Ya kai wa ƙungiyar tsofaffin sojoji shawarar a yi gudu daga Pietermaritzburg zuwa Durban, kusan kilomita 90 na hawa da gangara. Da farko suka yi ta ƙi, suna ganin ba mai iyawa. A ƙarshe suka yarda, suka ba shi rancen fam ɗaya. Ranar 24 ga Mayun 1921 mutum 34 suka tashi, 16 suka isa. Bill Rowan ya zo na ɗaya cikin awa 8 da minti 59. Aka sa wa gasar suna Comrades, wato abokan fama.

To su wane ne abokan faman? A wannan yaƙi na Afirka ta Gabas, da cuta ta karya sojojin Turawa, baƙaƙe aka kawo su ci gaba. Birged ɗin Najeriya, wadda Hausawa ke da yawa a cikinta, ta sauka Darussalam a ƙarshen 1916, ta sha yunwa a daminar kogin Rufiji, ta yi asarar rayuka mai yawa a gumurzun Mahiwa a Oktoban 1917. Bayan su akwai ɗaruruwan dubban 'yan ɗaukar kaya, waɗanda suka mutu dubu-dubu a kan hanya. A 2021 hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000, ƙila har 350,000, akasarinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba, alhali Turawan da suka mutu tare da su kowa na da dutsensa. Gasar da aka kafa don tunawa da wannan tafiyar kuwa, fiye da shekara hamsin farare maza kaɗai aka yarda su shiga.

Waɗanda aka hana ba su jira izini ba. A 1923 wata mata, Frances Hayward, ta bi ayarin ba lamba a ƙirjinta, ta isa Durban cikin awa 11 da minti 35. A 1935 wani baƙar fata, Robert Mtshali, ya yi haka, ya gama cikin awa tara da rabi, lokacin da ya isa a ba shi lambar yabo in da fatarsa fara ce. Sai a 1975 aka buɗe ƙofa ga baƙaƙe da mata. A 1981, da gwamnatin wariyar launin fata ta cusa gasar cikin bikin cika shekara 20 da kafa jamhuriyarta, wani ɗalibi farar fata, Bruce Fordyce, ya ɗaura baƙin ƙyalle a damtse don nuna adawa. Aka jefe shi da tumatir, shi kuma ya lashe gasar, ya sake lashe ta har sau takwas bayan nan. A 1989 Sam Tshabalala ya zama baƙar fata na farko da ya zo na ɗaya. Ranar gudun ma ta yi ta ƙaura tare da ƙasar: daga ranar daular Ingila zuwa ranar jamhuriyar farare, daga nan a tsakiyar shekarun 1990 zuwa 16 ga Yuni, ranar tunawa da ɗaliban Soweto, kafin a mayar da ita Lahadi.

Yau mutum wajen 20,000 ke yin rajista, shekara guda a gangara zuwa Durban, shekara ta gaba a haura zuwa Pietermaritzburg. Masu gadi, malaman makaranta, ma'aikatan ma'adinai, likitoci, direbobin tasi. Da asuba kafin a tashi, cikin sanyi da duhu, suna rera Shosholoza, waƙar leburorin ma'adinai. In ka tare su ka tambaye su wane ne von Lettow-Vorbeck, ba na jin za ka samu amsa daga mutum ɗaya cikin ɗari. Kowa da wanda yake yi wa gudu, wasu sun rubuta sunan a bayan riga. Mamatan Clapham sun fita daga zukata, amma abin da ya ce ya gani a daji, wato mutum ya tsaya ya ɗaga wanda ya faɗi, shi ake gani duk shekara a mitocin ƙarshe. An ba kowa awa 12. Da lokaci ya matso, wani jami'i yakan tsaya a kan layin kammalawa, ya juya wa masu zuwa baya don kada ya ga fuskar kowa, ya ɗaga bindiga. Filin ya ɗauki ƙirge. A bayansa mutane na rarrafe, wasu biyu sun saƙalo hannuwan wani da ba su taɓa gani ba sai yau a wuyansu suna ja. Ya harba, a tare layin. Wanda ya rage masa taku biyu, bayan kilomita kusan 90, ba shi da lamba, ba shi da lokaci a littafi.

Lambobin yabon kuma kowace da sunan wani. Wanda ya gama tsakanin awa bakwai da rabi zuwa tara ana ba shi ta Bill Rowan. Ta Vic Clapham, ta jan ƙarfe, ita ake ba 'yan baya, waɗanda suka shigo a awa ta ƙarshe kafin a harba bindiga. A 2019 aka ƙaro wata ga masu gamawa tsakanin awa tara zuwa goma, aka sa mata sunan Robert Mtshali, shekara 84 bayan gudunsa.